Yadda Ake Karanta Tsohon Gidan Ƴan Kwana-kwana a Damagaram, a Gyara Shi Ba a Ɓata Shi Ba

Gidan ƴan kwana-kwana, waɗanda a nan Damagaram aka fi kira ƴan pompiye, gini ne da aka tsara shi a kan ruwa. Akwai wurin ajiye ruwa, akwai wurin cika mota, akwai wurin wanke tiyo da wurin shanya shi. Ruwan nan shi ne kayan aikin gidan, shi ne kuma yake cin ginin daga ƙasa idan aka yi sake. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa alhakin irin wannan tsohon gini, injiniyan ma'aikatar magajin gari ne, ko hafsan da ke riƙe da barikin, ko ɗalibin Jami'ar André Salifou mai son rubuta tarihinsa, to ya bi sawun ruwa tun daga rufi har tushe. A nan zai gane shekarun ginin, a nan kuma zai gane ciwonsa. Yawancin abin da za mu faɗa ya hau kan sauran tsofaffin gine-ginen gwamnati na garin, gareji ne, sito ne ko ofis.

Ba maganar wasa ba ce. Ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar garin nan, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan mamakon ruwan sama. Ginin da ya kwana fiye da shekara ɗari da hamsin a tsaye ya tafi a yini guda.

Ka fara sanin zamanin da kake tsaye a ciki

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, kashe gobara aikin maƙwabta ne: a yi kururuwa, mata su fito da tuluna, maza su yaye jinkar ɗakunan da ke kusa don kada wuta ta tsallaka, a watsa ƙasa. Gidan da aka keɓe wa wannan aiki abu ne da ya zo da mulkin Faransa. An kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a Zinder, wato Damagaram, a 1898, Faransawa suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka gina barikin da suka sa wa sunansa. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar ƙasar, kafin a mayar da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke ta. Riƙe wannan da kyau, domin a garin da ke zaune kan dutse, inda ake jawo ruwan sha daga nesa kamar Gogo da Machaya, ma'ajin ruwa shi ne zuciyar gidan kashe gobara.

Abu na biyu, ƴan kwana-kwananmu sojoji ne. Tsarin ya samo asali daga Faransa, inda Napoleon ya kafa bataliyar masu kashe gobara ta Paris a 1811. Shi ya sa gidansu yake da fasalin bariki: ɗakin kwana, filin atisaye, ƙofa mai gadi. Shi ya sa kuma ba a shiga da kyamara ko tef ɗin awo sai da izinin kwamanda a rubuce. Ka nemi wannan takarda kafin komai. Ka kuma tuntuɓi ofishin al'adu na jiha, domin dokar 1997 mai kare kayan tarihi tana iya hawa kan ginin, musamman idan yana kusa da Birni, wanda tun 2006 yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO.

Kayan ginin su ne shaidar farko. Tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, tare da rufin azara, alamar aikin maginan gari ce, kuma da su aka yi gine-ginen farkon mulkin mallaka, sau da yawa da aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946. Bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake zubawa a cikin katako ya bazu daga baya. Kwano da siminti sun fara samuwa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma tsadarsu ta sa an daɗe ana tsimi da su. Kankare mai rodi ya yawaita ne bayan 1946, lokacin da Faransa ta fara zuba kuɗi a gine-ginen gwamnati, sannan ya ƙara yawa da aka buɗe masana'antar siminti ta Malbaza a shekarun 1960. Idan kankare ya ɓare ka ga rodin mai santsi ne, ya girmi mai gurzagurza. Sai dai kada ka yanke hukunci da shaida ɗaya. Magina sun ci gaba da tubali har bayan samun ƴancin kai, kuma tsohon gini ɗaya yakan haɗa zamani uku a jikinsa.

Sassan gidan da abin da kowane yake faɗa

Tsaya a kan titi ka dubi ƙofofi. Ƙofar mota ita ce fuskar gidan, kuma faɗinta yana gaya maka girman abin da aka gina ta dominsa. Ƙofar da ba ta kai mita 3 ba, an yi ta ne don amalanken famfo ko ƙaramar mota. Motar kashe gobara ta yau tana da faɗin kusan mita 2.5 ban da madubai, tsayinta ya haura mita 3. Dubi gefen ƙofar daidai ƙugunka: idan akwai gurzar ƙarfe ko an dasa guntun dutse ko bututu a kusurwa, alama ce motoci sun fi ƙarfin ƙofar tun da daɗewa. Dubi sama da linta. Idan ka hango sawun baka a ƙarƙashin yaɓe, an taɓa datse bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka a kan ƙofar, aka sa ƙarfe don a ɗaga ƙofar, kuma nan ne tsagewa take fara fitowa.

A ciki, daɓen garejin ya kamata ya karkata zuwa waje, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Zuba bokitin ruwa a can ƙurya ka tsaya ka ga inda zai nufa. Idan ya gangara titi, lafiya. Idan ya koma ya kwanta a gindin bango, ka samo ciwo na farko. Wannan yana yawan faruwa ne saboda an yi ta ɗaga titi da marmara da kwalta shekara da shekaru har ya fi daɓen gidan tudu.

Ɗakin tsaro yakan kasance kusa da ƙofa, da taga mai kallon titi da wata mai kallon gareji. Nemi ramukan kusoshi da ragowar wayoyi: nan ne aka kafa tarho, nan ne igiyar ƙararrawa ko makunnin jiniya yake. Kada a cire su a lokacin gyara, ko da sun daina aiki.

Idan akwai hasumiya, kada ka ɗauka don hangen wuta kawai aka yi ta. Tiyon zamanin da, wanda wasu ke kira mesa, na zare ne, idan aka naɗe shi da danshi sai ya yi funfuna ya ruɓe. Dole a rataye shi ya tsane. Tiyon tsarin Faransa yakan zo da tsawon mita 20 ko 40, da kauri milimita 45 ko 70. Mai mita 20 idan aka ninka shi biyu aka rataye yana bukatar sama da mita 10, to ga dalilin tsayin hasumiyar. Za ka same ta ba bene a ciki, da ƙugiyoyi a sama, da ƙaramar tayar ƙarfe da igiya ke bi ta kai, da tagogi masu shara-shara don iska ta ratsa rana ba ta shiga ba. Inda babu hasumiya, nemi dogon dakali mai gangara a inuwa, ko jerin ƙugiyoyi a jikin dogon bango. A iskarmu ta rani wannan ma ya wadatar. Sandar da ma'aikata ke zamewa a jikinta daga sama zuwa gareji kuwa, wadda aka fara a Chicago a 1878, ta gidan bene ce. A gidan ƙasa ba ta da wurin zama.

Sai ma'ajin ruwa: tanki ne a kan ƙafafu, irin wanda muke kira shato, ko kwarmi ne na siminti a ƙarƙashin ƙasa. Ka gano inda yake ko da an binne shi. Ƙwanƙwasa daɓen fili da sandar ƙarfe, inda ya yi amo kamar ganga akwai rami a ƙasa.

Awo da hoto

Mutum uku sun isa: biyu a kan tef, ɗaya da takarda. Ku tanadi tef mai mita 30, ƙarami mai mita 5, igiya mai nauyi a ƙasa don duba miƙewar bango, da siririn tiyo mai haske na mita 10 da za a cika da ruwa don daidaita tudu. Ku fara ja layi ɗaya da alli a zagayen ginin duka, mita 1 daga daɓen gareji, ta amfani da tiyon ruwan. Daga wannan layi ake auna komai sama da ƙasa. Da shi za ka ga kusurwar da ta nutse, abin da ido ba zai nuna maka ba.

Kowane ɗaki a auna bangayensa huɗu, a kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, duka biyu. Tsohon ɗakin ƙasa ba ya zama murabba'i sak, wanda ya tsallake wannan awo zanensa ba zai haɗu ba. A auna kaurin bango a ƙasa da kuma a sama, domin bangon tubali yana sirancewa yana hawa. Zanen ya kasance santimita 2 a takarda daidai da mita 1 a ƙasa.

Hoto kuwa, ka ɗauki kowane bango da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana take gogar bangon daga gefe. A wannan haske ne ƙofar da aka toshe, da wurin da aka ƙara ɗaki, da zanen dagi da aka shafe da fenti suke fitowa. Ka jingina sanda mai mita 1 a cikin kowane hoto.

Takardu da bakin dattawa

Takardun mulkin mallaka sun rabu gida uku: ma'adanar tarihi ta ƙasa a Yamai, ta Afirka ta Yamma a Dakar, da ta Aix-en-Provence a Faransa. Nemi rahotannin ma'aikatar ayyuka da kasafin kuɗin gari, a nan ake rubuta sayen famfo ko gina gareji. Tsofaffin hotunan sama na shekarun 1950 suna nuna ko rufin yana nan a lokacin. A cikin barikin kansa ka roƙi tsohon littafin da ake rubuta kowace fita. Ka duba farantin ƙarfe da ke jikin famfo, jiniya da tanki, galibi akwai sunan masana'anta da shekara. Amma shekarar famfo ba ita ce shekarar gini ba.

Abin da takarda ba ta riƙe ba yana bakin tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, da mai unguwa, da gidan Sarkin Magina. Ka je da goro, ka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Kada ka ce, "Baba, a wace shekara aka gina?" Zai ba ka lamba don kada ya kunyata ka. Ka ce, "Baba, da kuka fara aiki, wannan ɗakin yana nan? Lokacin Diori ne ko Kountché ya riga ya hau?" Da ya ce bayan juyin mulkin da Kountché ya yi wa Diori ne, ka san bayan 1974 ke nan. Farin da aka yi na rashin ruwan sama a 1973 da 1984 su ma turaku ne da kowa yake ɗaure tunaninsa a jiki. In da hali ka kai dattijon cikin ginin da ƙafarsa. Yana ganin ƙugiya zai tuna abin da ake ratayewa. Duk maganar da ba ka ji ta daga baki biyu da ba su haɗu ba, ka rubuta ta da sunan "an ce".

Gano ciwo

Hau rufi tukuna. A rufin ƙasa, duba indararo ɗaya bayan ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200 idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, irin na watan Agusta, ya karɓi lita 10,000, fiye da cikin motar kashe gobara sau uku. Idan leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, ruwan nan zai kwanta a bayan rawani, wato gajeren ginin da ya kewaye bakin rufi, ya jiƙa kan bango. Indararo ya fito aƙalla santimita 60 daga bango, kuma inda ruwansa yake faɗuwa a shimfiɗa duwatsu. Idan ka ga dogon kwari a bango ƙarƙashin indararo, gajere ne ko ya fashe a wuya.

Sai ka haƙa ƙaramin rami a kusurwar rufin ka auna kaurin ƙasar. Nan akwai wani kuskure da aka daɗe ana yi da kyakkyawar niyya: kowace shekara a ƙara yaɓe a kan na bara ba a kankare tsohon ba. Kowane santimita 10 na ƙasa yana da nauyin kusan kilo 170 a murabba'in mita, in ya jiƙe ya fi haka. Azara ba ta son tazarar da ta wuce kusan mita 1.8 ba tallafi. Magina suna kai ta mita 2.7 ne da tauyi, wato azarar da ake fitar da kanta daga bango ta tallafi ta sama, ɗaki mai faɗi sosai kuwa akan yi masa bakan gizo ko ɗaurin guga, wato bakuna masu haɗuwa a tsakiyar rufi. Azarar da aka yi wa lodin da ya ninka na asali dole ta lanƙwasa, inda ta lanƙwasa ruwa ya kwanta, inda ruwa ya kwanta a ƙara ƙasa. Haka ake yi har rufin ya faɗo.

Azara daga kai take mutuwa, wato ɓangaren da ke cikin bango. Tsakiyarta tana iya yin kyau ƙwarai alhali kan ya zama gari. Soka tsinken ƙarfe a inda ta shiga bango. Idan ya shige fiye da santimita 2 ba da ƙarfi ba, a yi mata alama. Hanyar gara, wato siririn ginin ƙasa da ke hawa bango, a bi ta har inda ta fito.

Bangon gabas shi ya fi shan wuya, domin daga can hadari yake tasowa da iska. Amma ciwon da ya fi kisa yana gindin bango. Danshi yana hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, ya bushe a fuskar bango, gishirin ya mai da ƙasar gari, iska da feshin ruwa su kwashe. Za ka ga farin kumfa kamar kanwa, ƙarƙashinsa bango ya rarake. A gidan ƴan kwana-kwana abin ya ninka, saboda wankin mota, wankin tiyo da yoyon tanki ba su san rani ba. Ruwa ba ya tsami banza: bangon da yake da danshi a watan Maris, akwai bututu ko tanki a kusa da shi.

Sa sanda a cikin raraken ka auna zurfinsa. Idan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin bangon, a tokare rufin wannan gefe da itatuwa kafin kowa ya taɓa komai.

Game da tsagewa, an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka. Sai dai ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Wadda ba ta kai milimita 2 ba kuma ta tsaya a yaɓe, ta bushewa ce. Wadda ta ratsa bango har kana ganinta ciki da waje, ko ta fi faɗi a sama, ko ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, tana nuna tushe ya motsa. Kafa ƙusa mai santimita 10 a kowane gefenta, ka auna tsakaninsu, ka rubuta da kwanan wata a jikin bangon. Ka maimaita kowane wata har damina ta wuce. Tsagar da ba ta motsa ba a cike ta. Wadda take ƙaruwa, cike ta ɓata ƙasa ne, sai an gano abin da ke jan tushen. Sau da yawa saiwar dogon yaro ce, ko tsohon kwarmin ruwa da yake yoyo.

Gwada kwarmin haka: cika shi, yi alama a bakin ruwan, ajiye bokiti cike da ruwa a gefensa shi ma da alama. Bayan awa 24 ka kwatanta. Abin da ya ragu a bokiti zafi ne ya sha, abin da ya wuce haka ƙasa ce ta sha. Kuma muna roƙo da babbar murya, kada kowa ya shiga tsohon kwarmi da zarar an buɗe shi. Iskar ciki tana iya kashe mutum kafin ya yi ihu. A bar shi a buɗe, a hura masa iska, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu suna riƙe a waje.

Gyara

Lokacin aiki daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Tsarinsa kuma ba ya canzawa: a tsayar da ruwa, a gyara rufi, a gyara gindi, yaɓe ya zo ƙarshe. Mai farawa da fenti ya yi wa mara lafiya kwalliya ne kawai.

Tsayar da ruwa yana nufin a mayar da wurin wankin mota da cika tanki nesa da tsohon bango, aƙalla mita 5, da magudana mai kai ruwa waje. Ƙasar da ke zagaye da ginin a karkatar da ita ta gudu daga bango, santimita 3 zuwa 5 a kowace mita. Kada a zuba kankare ya manne da gindin bangon ƙasa, yana hana ƙasa numfashi sai danshin duka ya hau bangon. Tsakuwa da marmara da aka daɓe sun fi.

Yanzu ga babbar magana: siminti a kan bangon ƙasa. Mun san dalilin da ya sa ake yi, mutane sun gaji da yaɓen kowace shekara. Amma siminti da ƙasa ba sa tafiya tare. Zafi ya buɗa su, sanyi ya tsuke su, kowane da nasa gwargwado, sai simintin ya yi ƴan tsagogi. Ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kunu. Ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma: inda ya ce "kwam-kwam" kamar ƙwarya, ya rabu da bango. A cire shi da hannu, da kurfi da ƙaramar guduma, daga sama zuwa ƙasa, faɗin mita ɗaya-ɗaya, a bar bangon ya sha iska makonni kafin a yaɓa. Bangon dutse da aka ɗaure da ƙasa ko farar ƙasa shi ma kada a cike gaɓoɓinsa da siminti. Farar ƙasa ƙonanniya awo 1 da yashi awo 3 ta fi dacewa.

Raraken gindi ana cike shi ne da irin abin da aka gina bangon. A kankare rubabbiyar ƙasar mai gishiri a kai ta nesa, kada a sake kwaɓa ta. A gyara ramin ya zama mai lebur a ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, a jera busasshen tubali ko bulon ƙasa da kwaɓi, a cusa na ƙarshe da ƙarfi. Kada a buɗe fiye da mita 1 a lokaci guda. A yi nan, a tsallake mita 2, a yi can, sai sun bushe a dawo tsakiya.

Ƙasar yaɓe sai an gwada ta. Mulmula kwaɓi ya yi kaurin santimita 3 kamar rogo, ka tura shi a hankali daga bakin tebur. Idan ya karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa, ba zai riƙe ba. Idan ya wuce 15 bai karye ba, yumɓu ya yi yawa, zai tsattsage. Tsakanin nan ake so. Sannan ka yi gwaji a jikin bangon kansa: fage uku ko huɗu masu santimita 40, ɗaya ƙasa zalla, ɗaya ƙasa 1 yashi 1, ɗaya ƙasa 1 yashi 2. Bayan kwana uku ka zaɓi wanda bai tsage ba kuma ba ya zuba in ka goga da tafin hannu. A kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a rufe a bar shi ya ruɓa mako ɗaya zuwa biyu ana juyawa, har ya yi wari ya yi yauƙi. Kowane shafi kada ya wuce santimita 2, kuma sai na farko ya bushe a sa na biyu. Yaɓe mai kauri a tashi ɗaya nauyinsa ne yake yage shi.

Shafin ƙarshe shi ne garkuwa. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ita ce take ba bango wannan ja mai duhu tana kuma rage shan ruwa. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, shi ake sa wa rufi da rawani da zankwaye. Awon haɗinsa yana hannun tsofaffin magina, kuma ya danganta da ƙasar da aka samu. A ɗauko ɗaya daga cikinsu ya tsaya a kan aikin, a haɗa shi da matasa biyu ko uku su koya. Wannan kuɗi ne da ba a yi asararsa ba.

Azara a canza ta ɗaya bayan ɗaya, ana tokare maƙwabtanta. A nemi ta tsohuwar giginya, ɓangaren waje mai duhu da nauyi, shi ne gara ba ta iyawa da shi. Ɓangaren ciki mai fari ba shi da ƙarko. Giginya itace ne da doka ta kare, saboda haka a saya wurin mai takardar ma'aikatan gandun daji. Idan ana rushe wani tsohon soro a unguwa, azararsa mai lafiya ta fi sabuwa.

A sashen kankare, inda rodi ya yi tsatsa ya tura siminti ya ɓare, a fasa har santimita 2 a bayan rodin, a goge shi da burushin ƙarfe sai ya yi haske, a rufe da sabon kwaɓi mai kaurin santimita 3. Idan tsatsa ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurin rodin, aikin ya wuce birkila, a kira injiniya. Rufin toka-toka mai kama da kwano amma na siminti, wanda aka yi yayinsa daga shekarun 1950 zuwa 1970, yawanci akwai asbestos a ciki, ƙurarsa tana lalata huhu. Kada a yanka shi, kada a fasa. A jiƙa shi a kwance kusoshinsa a sauke shi ɗungurungum. Kashin jemage da ke cikin hasumiya shi ma a yayyafa masa ruwa kafin shara, mai sharar ya rufe hanci da baki.

Saura ƙofa. Za a zo a ce sabuwar mota ba ta shiga, a fasa. Ra'ayinmu a nan ɗaya ne: kada a fasa. Bakan da ke kan ƙofar yana tura nauyinsa gefe da gefe, ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi su ne suke riƙe shi. Rage santimita 30 daga kowane gefe ya isa ya tsaga fuskar ginin duka. Motar yau tana son ƙofa mai faɗin mita 3.5 da tsayin mita 4 ko fiye, kuma nauyinta cike da ruwa ya haura tan 10, abin da tsohon daɓe bai san shi ba. A yi mata sabuwar rumfa ta ƙarfe a cikin fili, a ware ta daga tsohon bango. Tsohon garejin ya koma wurin motar ɗaukar marasa lafiya, ko ajin koyar da agajin gaggawa, ko ɗakin da ƴan makaranta za su zo su ga tsohon famfo da hular ƙarfe, a koya musu kiran lamba 18.

Bayan an gama, a ajiye littafi guda a ɗakin tsaro, a rubuta aikin shekara a shafin farko. A watan Mayu, kafin ruwan fari, mutum biyu su hau rufi su share indararo su toshe tsagogi. Bayan kowane babban ruwa, wani ya zagaya ginin ya ga inda ruwa ya kwanta, ya buɗe masa hanya da shebur tun ƙasa tana da laushi. A watan Oktoba a sake auna kusoshin da ke gefen tsagogi, a rubuta lambar kusa da ta bara.